Inshorar Lafiya: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar inshorar lafiya, watau a san nawa ake biya, wa ke biya, kuma me mutum zai samu in ciwo ya zo.

Kowanenku ya taɓa ganin magidanci ya sayar da sansa na noma, ko ya jinginar da gona, domin a yi wa matarsa aiki a asibiti. Wannan ne ake son a hana. Dabarar kuwa ita ce mutane masu yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan a asusu guda tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Ta yi kama da adashi, amma akwai bambanci, kuma lalle ku bayyana shi: mai adashi yana jiran ranar kwasarsa, mai inshora kuwa in shekara ta ƙare bai yi ko ciwon kai ba, ba a mayar masa da ko kwabo. Kuɗinsa ya warkar da wani. A Jamus aka fara yin dokar irin wannan, cikin 1883. A Nijeriya an yi doka cikin 1999, aka soma aiki cikin 2005, sa'an nan cikin 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa.

Iri na farko na ma'aikata ne. Bisa ƙa'idar da aka fara da ita, ma'aikaci ya ba da kashi 5 cikin 100 na ainihin albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10. Mai babban albashi ya fi biya, amma magani ɗaya za a yi musu da masinja. To, a nan ne gardama ta fi yawa a ƙasarmu, gama shirin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu sai ya biya ƙari a kan sauran. Gara ya ji wannan daga bakinku tun kafin ya sa hannu, da ya ji a ƙofar likita da yaro a kafaɗa.

Iri na biyu na jihohi ne, wanda ake kira taimakekeniya. Kano ta yi dokarta cikin 2016, Kaduna cikin 2018. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a suna iya shiga, su biya kuɗin shekara a kan kowane kai. Akwai kuma na kamfanoni masu zaman kansu, inda gwargwadon kuɗinka gwargwadon asibitin da za ka je. Wannan na masu hali ne, ba zan daɗe a kansa ba.

Na ƙarshe shi ne na marasa ƙarfi, waɗanda Gwamnati ke biya wa. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, daga ciki ne ake ɗaukar nauyin matalauta da masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi. Nan aikinku yake da nauyi, gama ku da dagatai da masu unguwanni kuka san wanda ba ya da shi. In sunan ɗan mai hali ya shiga takarda, na gwauruwa ne ya fita.

Sauran abu biyu. A shirin ma'aikata majiyyaci yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani da hannunsa, kada wani ya ce an cuce shi. Na biyu, asibitin da mutum ya zaɓa ana ba ta kuɗi kowane wata a kan sunansa, ko ya je ko bai je ba. Daga 2012 kuɗin nan ya tsaya a naira 750, har 2024 kafin a ƙara, alhali magani yana ta tsada, shi ya sa aka sha jin "babu magani, je ka saya a waje." Saboda haka in talaka ya kawo kuka irin wannan, malami ya rubuta sunansa da lambar katinsa da ranar da abin ya faru, hakimi ya sa hannu, a aika ofishin hukumar inshora na jiha.