NADIA VOLE: BAFADIYAR DA BA A BA MU DALILINTA BA
(Jawabin da aka gabatar a zauren karatu ranar taron tsofaffin ɗalibai)

 

An nemi in yi magana a kan littattafan da matasa ke karantawa. Na zaɓi guda ɗaya, wato Stormbreaker, wanda marubucin nan ɗan Ingila, Anthony Horowitz, ya fitar a shekarar 2000. Shi ne na farko a jerin labaran Alex Rider. Amma ba a kan tauraron zan tsaya ba. Wata mata zan ɗauko, wadda ba ta cika shafuka da yawa ba, sunanta Nadia Vole.

Ga labarin a taƙaice. Alex yaro ne ɗan shekara 14. An kashe baffansa, Ian Rider, sai hukumar leƙen asirin Ingila, MI6, ta tilasta masa ya ƙarasa aikin da baffan ya bari. Aka tura shi yankin Cornwall, masana'antar wani attajiri, Herod Sayle, wanda ya yi alkawarin bai wa kowace makarantar sakandare ta ƙasar kyautar kwamfuta. Ashe ya ɗura wa kwamfutocin ƙwayar cutar agana, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da ita tun 1980. Dalilinsa kuwa? Tun yana ɗalibi 'yan ajinsu suka addabe shi da cin zali, kuma ɗaya daga cikinsu ya zama Firayim Minista. Manyan ɗalibai masu sa ƙanana wanki da ɗiban ruwa, kun dai ji.

To, ita Nadia Vole Bajamushiya ce, mataimakiyar Sayle. Ita ke zagayawa da baƙo, fuska a murtuke. Sunan nata ma, a Turance, na wani ɗan ɓeran daji ne. Duk tsawon lokacin da take ɗaure fuska ba ta cuci Alex da komai ba. Ranar da ta sake fuska, ranar ta nemi ransa. Bayan asirin yaron ya tonu an ɗaure shi da ankwa, sai ga ta ta shigo ta kwance shi, ta ce ai tare da baffansa take aiki. Yaro ya gaji, ba shi da kowa, ya ji an ambaci baffansa, ya yarda. Ta ja shi har inda take so, ƙasa ta buɗe, ya faɗa cikin wani katafaren tankin gilashi da Sayle ke kiwon wata halittar teku mai mugun dafi, mai kama da lema, da dogayen igiyoyi suna reto. Ita kuma ta tsaya kallo.

Alex ya kuɓuta da wani man shafawa da aka ba shi, wanda a ido na ƙurajen fuska ne, amma yana cin ƙarfe. Ya shafa wa ƙarafan tankin, gilashi ya tarwatse, ruwa ya kwaso halittar ya jibga mata. Ramin mugunta dai ba ta gina shi gajere ba. A fim ɗin da aka yi a 2006, Missi Pyle ce ta fito a matsayinta, sai dai an mayar da ita abar dariya, kuma a ganina an rage mata kaifi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Sayle yana da tabon da yake neman ramawa. Yassen Gregorovich, wanda ya kashe Ian, biyansa ake yi. Ita fa? Marubucin bai ba mu dalilinta ba. Ta san yara za a hallaka a makarantun ƙasa kaf, amma kullum tana bakin aikinta kan lokaci. Wasu za su ce sakaci ne na marubuci, ya ɗauko tsohon zubin nan na muguwar Bajamushiya da ya cika labaran leƙen asirin Ingila, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ni dai na ga rashin dalilin ya fi ban tsoro. Muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan sarkin ma mugu ne, amma shi kaɗai bai iya haɗa kwamfuta ko ɗaya ba, balle ya loda ta a mota.

Malaman adabi, idan kun kai wannan babi, ku tambayi ɗalibai: a wace jimla ce ya kamata Alex ya yi shakka?