Kujerar Bawku Ba Gadon Kowa Ba Ce

Iyayena da 'yan uwana na mazaɓar Bawku ta Tsakiya.

Wasu suna cewa kada mu wahalar da kanmu, wai kujerar nan ta zama ta masu laima har abada. To, mu tuna baya. A 1992 marigayiya Hawa Yakubu ta tsaya ba jam'iyya, kuka zaɓe ta. A 1996 Fati Seidu ta NDC ta karɓe kujerar. A 2000 kuka dawo da Hawa ƙarƙashin NPP. A 2004 Mahama Ayariga ya ci, a 2008 Adamu Sakande na giwa ya kayar da shi. Sai daga 2012 ne NDC ta ci zaɓe huɗu a jere.

Duk wannan canji da babban yatsanku kuka yi shi, ba da sanda ba. Saboda haka, mai fatauci zuwa Sinkase ko Burkina Faso, ka adana katinka, ka dawo gida kafin ranar zaɓe. Mu bi layi cikin lumana, mu dangwala wa giwa.

Allah ya zaunar da Bawku lafiya.