Kafin Ka Ja Baka, Wasa Kibiyarka



An nemi in yi magana a kan shirin jarrabawa. Ni kuwa ɗan maharbi ne, don haka ku yi mini haƙuri in fara daga kwari da baka.

Duk daren da za a shiga daji, mahaifina yakan zazzage kibansa a kan buzu. Da farko sai ya bi bakin ƙarfen da magagari ya cire tsatsa. Sannan ya yayyafa wa dutsen washi ruwa, ya kwantar da bakin kibiyar, ya riƙa turawa gaba. In ya goga wannan gefe sau goma, ɗaya gefen ma sau goma, don kada tsinin ya karkace. Ba ya cinye kunnuwan, domin su ke riƙe nama. Sai ya gwada kaifin a farcensa. In ya kama, ya yi. Daga nan ya duba kyauron ko ya tsage, ya ƙara ɗaure wuyansa da jijiya. Shafa dafi shi ne na ƙarshe, domin mai hankali ba ya gwada kibiya mai dafi a jikinsa.

Wani hutu, ina aji uku, ya ba ni kibau shida in wasa. Na wasa biyar, na ji ana kiɗa a dandali, sai na cusa ta shidan cikin kwari haka nan. Washegari ita ya zaro wa gyado. Ta daki kafaɗa ta faɗi ƙasa, gyadon ya juyo ya farke masa cinya. Wata biyu yana kwance, kuma har ya rasu yana ɗingishi. Bai taɓa duka na ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba kai ka harba ba, amma kai ka kuskure."

Ƙannena, darasin da ka tsallake yau, wataƙila shi za a zaro maka ranar jarrabawa. Mu kuma manya, likita ne kai ko injiniya, aikin da ka bari rabi da rabi, wani bawan Allah ne zai ɗauki rauninsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ɗaukaka wannan makaranta.