AMSOSHIN WASIƘUN MASU SAURARO: Wa Zai Riƙe Tarin Kaya Bayan Mai Su Ya Kau?

A wannan mako wasiƙu biyu za mu haɗa, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, amsarsu guda ce.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani malamin makaranta a Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Ya ce ya ji labarin wani gida a Amurka cike da ɗaruruwan akwatunan wasa da ake kira finbol, kuma wai gidan ba na mutum ɗaya ba ne, na wata ƙungiya ce wadda ba ta cin riba. Yana tambaya, mene ne finbol, kuma yaya dukiya za ta zauna babu mai ita?

Ta biyu kuwa daga wani bawan Allah ce a Kwanar Ɗangora, ƙaramar hukumar Kiru. Ya ce mahaifinsu mai gyaran rediyo ne, ya rasu ya bar musu ɗaki guda cike da tsofaffin akwatunan rediyo, da garmaho, da fayafayan Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. 'Yan'uwa sun rabu biyu. Wasu sun ce a kira 'yan gwangwan su auna su biya, a raba kuɗin. Shi kuwa yana so a adana kayan. Ya ce ina mafita?

To, Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashi. Bari mu fara da tambayar malaminmu na Tiga, domin a cikinta za ka tsinci rabin amsarka.

Shi dai finbol wani akwati ne mai ƙafa huɗu, kamar tebur mai ɗan gangare, an rufe samansa da gilashi. Nauyinsa ya ɗara na buhun masara. Mai wasa zai jefa kuɗi, ya ja wani mariƙi ya saki kamar yadda yaro ke jan danƙon harbin tsuntsu, sai wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai girman goro ya yi sama, ya riƙa gangarowa yana bugun turaku, fitilu na walƙiya, ƙararrawa na kaɗawa, maki na hawa. A can ƙasa akwai 'yan sanduna biyu masu kama da fiffike, da su ake tare ƙwallon a mayar da shi sama kafin ya faɗa rami. Gwanintar ke nan.

A birnin Chicago sana'ar ta kafu. A 1931 wani mai suna David Gottlieb ya fito da akwatin da ya kira Baffle Ball, kuma kamfaninsa ne ya ƙara waɗannan fikafikai a 1947. Kafin zuwan fikafikan wasan ya fi kama da caca, tun da sa'a ce kawai. Shi ya sa a 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, har 'yan sanda suka riƙa farfasa akwatunan da guduma. Ba a ɗage dokar ba sai 1976, bayan da wani gwani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin, ya nuna musu cewa hannu ke aiki. Kasuwar ta yi tashe har zuwa 1992, shekarar da aka ƙera wani samfuri guda mai suna The Addams Family fiye da 20,000. Daga nan sai wasannin bidiyo suka danne ta. A 1999 babban kamfanin Williams ya daina ƙerawa, tsofaffin akwatuna suka zama tarkace a sito. A nan ne masu sha'awa suka shiga tsinta.

Gidan da ka ji labarinsa, Malam, da alama shi ne Pinball Hall of Fame da ke Las Vegas a jihar Nevada. Wanda ya tara kayan sunansa Tim Arnold, mutumin jihar Michigan, wanda ya yi shekaru yana riƙe da gidajen wasa, ya tara akwatuna wajen 1,000. Maimakon ya karkasa su ya sayar, sai aka kafa ƙungiyar masu tara finbol ta Las Vegas, wadda ba ta neman riba, ta riƙe gidan. An buɗe shi a 2006 a ginin haya, a 2009 suka koma gini nasu na kansu, sa'an nan a 2021 suka tare a wani sabo mai faɗin murabba'in ƙafa 25,000, wato kamar a haɗa fuloti goma masu ƙafa hamsin-hamsin. Shiga kyauta ne, amma kowane wasa sai ka jefa kuɗi, daga senti 25 zuwa sama. 'Yan sa-kai ke gyara da shara. Abin da ya yi saura bayan an biya wuta da kayan gyara, sadaka ake bayarwa ga ƙungiyoyin taimakon gajiyayyu.

Ma'anar rashin neman riba ke nan. Kuɗi na shigowa, har ana iya biyan ma'aikaci albashi, amma babu wanda zai ce ga kasona a ba ni in kai gida. Kuma idan wanda ya kafa ta ya mutu, abin da aka rubuta da sunan ƙungiya ba ya shiga gado.

Akwai irinta a Alameda ta jihar California, wato Pacific Pinball Museum, wadda Michael Schiess ya assasa, ta zama ƙungiya mai rajista a 2004. Su a ƙofa ake biya, sa'an nan a yi ta wasa kyauta. Akwatuna wajen 100 ne a fili, sauran fiye da 1,000 suna sito.

To amma fa, jama'a, kada a ɗauka cewa da an yi rajista shi ke nan an tsira. Ku saurari waɗanda suka faɗi. A ƙarshen 2010 wani mai suna David Silverman ya buɗe National Pinball Museum a birnin Washington, cikin ginin haya. Ba a yi shekara ba masu gini suka buƙaci wurinsu. Ya koma Baltimore a 2012, can ma maganar haya ta sake tasowa, a 2013 aka rufe. A garin Banning na California a da akwai Museum of Pinball, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Annobar korona ta tsayar da baƙi, aka ba masu noman wiwi ginin, tun da dokar jihar ta yarda da wannan sana'a, neman sabon mazauni kuma ya ci tura. A watan Satumba na 2021 aka yi gwanjon akwatuna fiye da 1,000, kowa ya kama gabansa da abin da ya saya. A kusa da Pittsburgh kuwa ambaliya ce ta shiga zauren gasar finbol a 2004, ta lalata akwatuna fiye da 200. An sake tarawa, daga baya gidauniyar Replay ta riƙe su, amma a ƙarshen 2020 ita ma ta ba da sanarwar tsayar da tarurrukanta da sayar da kaya. Ko su mutanen Las Vegas ɗin sai da suka roƙi jama'a gudummawar dala 200,000 a farkon 2021 kafin su kammala gininsu.

Abin lura a nan shi ne, doka ta hana 'yan ƙungiya raba dukiya a tsakaninsu, amma ba ta hana a sayar da kaya a biya bashi ba. Kuɗin zai tafi inda ya dace, tarin kuwa ya watse, kuma ba zai sake haɗuwa ba har abada. Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ne mai gini nasa, mai kuɗin shiga na kullum, mai masu gyara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu sai mu dawo gida, wajen ɗan'uwanmu na Kwanar Ɗangora.

Da farko, Malam, ka sani cewa 'yan'uwanka ba laifi suka yi ba. Da zarar mutum ya cika, abin da ya bari ya zama haƙƙin magada, kuma ba ka da ikon tsare kason wani don kai kana sha'awar tarihi. Idan akwai marayu ƙanana a cikinku, kasonsu ba a yin kyauta da shi. Saboda haka ku je gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, a kira wanda ya san darajar kayan ya yi musu kuɗi. Kada ku yarda da farashin sikeli, domin ɗan gwangwan tagulla da dalma yake saye, ba ruwansa da muryar da ke cikin faifai. Wanda ya yarda ya bar kasonsa, madalla. Wanda yake son kuɗinsa, ku da kuke son adanawa ku haɗa ku biya shi. Zumunci ya fi garmaho.

Na biyu, abin da Turawa ke yi da ƙungiya mu ma muna da shi tun kaka da kakanni, shi ne hubusi, ko wakafi: a tsare asalin abu kada a sayar, kada a gada, jama'a su ci amfaninsa. A mazhabar Malikiyya ana yin hubusi da abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai, kuma sharaɗi ne ya fita daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya. Wanda ya bari sai a wasiyya, ba zai wuce sulusin dukiyarsa ba. Wannan jan kunne ne ga dattawan da ke sauraronmu masu tarin littattafai ko kayan sana'a. Game da irin kayanku kuwa, ku nemi fatawar malamai, kuma a Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi da za ku iya tuntuɓa.

Na uku, ta fuskar dokar ƙasa, akwai rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye, da tsarin mulki a rubuce, a kuma buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan ƙungiya na iya mallakar fili da kaya da sunanta, tana kai rahoto duk shekara. Idan ta rushe, abin da ya rage bayan biyan bashi ba a raba wa 'yan ƙungiya, sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Shawararmu, kada amintattu su zama 'yan gida ɗaya zalla. Ku sa malamin makaranta, da wani daga fadar hakimi, da mai sana'ar gyara. Ku kuma rubuta tun yau inda kayan za su koma gaba ɗaya idan kun gaza.

Na huɗu shi ne aikin hannu, wanda ba ya jiran rajista. Ku sayi littafi, ku ba kowane kaya lamba, ku rubuta sunan kamfaninsa da inda tsoho ya samo shi, ku ɗauki hotonsa da waya. Ku cire duk wani batir da ke ciki, domin ruwan tsohon batir na cinye ƙarfe, kuma shi ne ya kashe akwatunan finbol da dama a can Amurka. Ku ɗaga kaya daga ƙasa a kan katako saboda laimar damina da gara, ku lulluɓe su saboda ƙurar hunturu, ku toshe ramin ɓera. Fayafayan garmaho a tsaye ake jera su, nesa da rana, kuma ku naɗi abin da ke cikinsu a waya ko kwamfuta tun ba su fashe ba. Sa'an nan ku nemi yaran da mahaifinku ya koya wa aiki. Na'ura idan ba a kunna ta mutuwa take yi, kuma ranar da mai gyara na ƙarshe ya tafi, abin da ya rage ƙarfe ne kawai.

Ina kuɗin riƙewa zai fito? Ku koyi dabarar Las Vegas, kayan su ci da kansu. Shagon gyara ya ci gaba da aiki a gaba, ɗakin tarihi a baya. Kwanar Ɗangora mahaɗar hanya ce, matafiya ba sa yankewa. Makarantu na iya kawo ɗalibai su ba da ɗan abin da ya sauƙaƙa, ranar Sallah a kunna garmaho yara su ga abin da kakanninsu suka ji waƙa da shi. In kuwa ɗakin na haya ne, to wannan ita ce matsalar da za ku fara warwarewa.

Idan kun auna kun ga nauyin ya fi ƙarfinku, babu kunya a miƙa wa waɗanda aikinsu ke nan. A Kano akwai Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da Gidan Ɗan Hausa a hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Ku duba gidan Sardauna a Kaduna, wanda ya zama Arewa House a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, da Jami'ar Bayero ke riƙe da shi. Da rabawa aka yi, da yau ina ɗalibai za su je? Sai dai ko wa za ku ba, a yi a rubuce, a fayyace ajiya ce ko kyauta, kowa ya riƙe kwafinsa da jerin kayan.

Wannan magana ta shafi masu sauraronmu na Tudun Wada da Doguwa su ma. A Riruwai an daɗe ana haƙar kuza, kuma akwai gidajen da har yanzu ke da fitilar ma'aikata ko takardar albashi ta kaka. Waɗanda iyayensu suka yi aikin madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, wadda aka gama a 1974, wataƙila akwai hotuna a ƙasan adaka. Kafin mai kura ya zo ƙofar gida yana kiran tsohon ƙarfe, a zauna a yi shawara.

Malaminmu na Tiga, da fatan ka gamsu. Ɗan'uwanmu na Kiru, muna jiran wasiƙarka ka shaida mana yadda kuka ƙare da 'yan'uwa, Allah Ya haɗa kanku. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.