MATAIMAKIN SHUGABA: CINIKIN DA AKE ƘULLAWA BAYAN KOKAWA

Jawabin da akawun jam'iyya ya yi wa 'yan reshe da 'yan kasuwa

 An ce mu yi bayani yau bisa abin da kan faru cikin jam'iyya bayan an ƙare zaɓen fid da gwani, watau sa'ad da mutum ɗaya ya ci, saura suka faɗi, ga shi kuwa tilas wanda ya ci ya nemi wanda zai tsaya masa mataimaki. Za mu ɗauko misalanmu daga Amurka, gama can ne asalin wannan tsari, daga can kuma Nijeriya ta aro shi cikin 1979.

Da fari ku sani aikin mataimaki a dokarsu bai taka kara ya karya ba. Shi ne shugaban Majalisar Dattawa, amma ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Sauran aikinsa jira ne. To, amma kada ku raina jiran nan. Shugabanninsu 8 sun mutu bisa mulki, 4 daga ciki kashe su aka yi, ɗaya kuma, Nixon, ya yi murabus cikin 1974. Sau 9 ke nan mataimaki ya wayi gari shi ne mai ƙasa. Mu ma mun gani a gida cikin watan Mayu na 2010, da Allah ya yi wa Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa, Goodluck Jonathan ya hau.

Bari mu fara da 1960. Cikin watan Yuli Jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta a birnin Los Angeles. Manyan 'yan takara biyu ne. Ɗaya John Kennedy, mai shekara 43, ɗan attajiri daga Massachusetts can Arewa, ɗan Katolika. Ba a taɓa zaɓen ɗan Katolika shugaban Amurka ba kafin wannan, mu kuwa da muka zauna makarantar Mishan mun san tsamin da ke tsakanin ɗarikun nan a zamanin. Ɗayan Lyndon Johnson, mutumin Texas a Kudu, shi ke jan ragamar masu rinjaye a Majalisar Dattawa, gwanin ƙulli da kwancewa. Bai shiga zaɓen fid da gwani na jihohi ba, ya zauna yana jiran taro, yana tsammani manya za su miƙa masa. Ba irin baƙar maganar da ba a yi ba. Mutanen Johnson suka fito fili suka ce Kennedy na da ciwon da yake ɓoyewa, Johnson kansa ya taɓo mahaifin Kennedy. Da aka ƙidaya ƙuri'un wakilai, Kennedy ya sami 806, Johnson 409.

Kashegari da safe Kennedy ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin Johnson a masauki, ya ce ya zama mataimakinsa. Johnson ya amsa. Jama'a, sai gida ya rikice. Shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da masu neman hakkin baƙar fata, waɗanda suka sha rana suna yi wa Kennedy yaƙi, suka ce an ci amanarsu, domin Johnson ya yi shekara 20 a majalisa yana jefa ƙuri'ar ƙin dokokin hakkin baƙar fata, sai cikin 1957 ya fara sassautowa. Ƙanen Kennedy, Robert, ya je ya nemi Johnson ya janye, Johnson ya ƙi. Gabar da ta shiga tsakanin su biyun daga ranar nan ba ta warke ba har mutuwa ta raba.

Me ya sa Kennedy ya yi haka? Lissafi ne irin na ɗan kasuwa. A can ba jimlar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da rabonta na wakilan zaɓe, a kusan dukkan jihohin wanda ya ci jiha ko da ƙuri'a ɗaya ce yakan kwashe rabonta duka. Texas tana da 24 a lokacin, Kudu kuwa ba ta son ɗan Katolika. Johnson ya hau jirgin ƙasa ya bi garuruwan Kudu tasha tasha yana yi musu magana da harshensu. Ran 8 ga Nuwamba suka ci Texas da tazarar ƙuri'a wajen 46,000. A ƙasa duka, cikin ƙuri'a fiye da miliyan 68, tazarar da ke tsakanin Kennedy da Nixon ba ta kai 120,000 ba. Wakilan zaɓe 303 da 219. Ciniki ya yi riba.

Amma ku lura da wurin da aka ƙulla shi. Cikin ɗakin masauki, tsakanin dare da hantsi, mutane kaɗan. Talakan da ya manna takarda a bango, ya yi ihu har muryarsa ta dushe, sai labari ya ji. Mu a ganinmu wannan shi ne aibin tsarin, ko a Amurka ko a ina. Ana kwashe watanni ana tace ɗan takara a gaban jama'a, sa'an nan a zaɓi magajinsa cikin yini guda.

Ran 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Kennedy a Dallas, cikin Texas ɗin nan da aka sha wuyar samu. Aka rantsad da Johnson cikin jirgin sama kafin ya tashi. Abin mamaki, mutumin nan da masu neman hakki suka ƙi, shi ne ya tura dokar 1964 wadda ta hana wariya a wuraren cin abinci da masaukai da wurin ɗaukar aiki, da dokar 1965 wadda ta buɗe wa baƙar fata na Kudu akwatin zaɓe. Ashe tun yana saurayi, cikin 1928, ya yi malanta a wani ƙaramin gari mai suna Cotulla, inda ya koyad da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko, abin bai fita ransa ba. Ba mu ce waliyyi ne ba. Shi ne kuma ya zuba soja fiye da 500,000 cikin yaƙin Biyetnam, har jama'a suka juya masa baya ya fasa neman zaɓe cikin 1968.

Kada ku ɗauka sai da kujerar mataimaki ake ɗinke ɓaraka. Cikin 2008 Barack Obama da Hillary Clinton sun gwabza har watan Yuni, ita ta tara ƙuri'a wajen miliyan 18. Bai ɗauke ta mataimakiya ba, ya ɗauki Joe Biden, wanda shi ma ya shiga takarar ya fita tun da wuri. Amma ya tafi da ita wani ƙauye a New Hampshire mai suna Unity, watau haɗin kai, inda kowannensu ya sami ƙuri'a 107 daidai wa daida, suka hau dandamali tare. Ya roƙi masu ba shi gudummawa su taimaka mata biyan bashin yaƙin zaɓe, ku 'yan kasuwa kun san wanda ya rage maka bashi ya fi wanda ya yi maka kirari. Bayan an ci ya ba ta ministar harkokin waje. Inda aka kasa yin haka kuwa an gani. Cikin 1980 Edward Kennedy ya ja da shugaba Carter har zauren taro a New York, ya miƙa masa hannu a sanyaye gaban jama'a, ya ƙi ɗaga hannunsa sama. Carter ya tashi da jiha 6 tak da babban birni. Akwai wasu dalilai, ga tsadar kaya, ga mutanensu da aka tsare a Iran, amma rabuwar gida ta ƙara.

Yanzu mu koma baya shekara 100, ga wani Johnson ɗin dabam, ba dangin wancan ba. Cikin 1864 ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudu a kan bauta. Jam'iyyar Abraham Lincoln ta ji tsoron faɗuwa, sai ta ajiye mataimakinsa Hannibal Hamlin, mai ƙin bauta na gaske, ta ɗauko Andrew Johnson na Tennessee, ɗan jam'iyyar adawa, wanda shi kaɗai ne cikin dattawan jihohin da suka ɓalle ya ƙi bin su. A ido babu zaɓin da ya fi wannan. Ɗan Kudu ne, ga shi ɗan talaka, tela ne ma, bai taɓa shiga aji ba, kullum bakinsa na kan manyan masu gonaki. Da yana nan wurin da da yawanmu mun tafa masa. Ba wanda ya tsaya ya tambaya me yake nufi da bayi miliyan 4 da za a 'yanta, alhali shi kansa ya taɓa mallakar bayi.

Aka rantsad da su ran 4 ga Maris 1865. Ran 14 ga Afrilu aka harbi Lincoln a gidan wasa, ya cika kashegari. Kwana 42 ke nan tela ya zama shugaba. Nan da nan ya shiga yi wa manyan 'yan tawaye afuwa. Gonakin da soja suka yanka wa 'yantattun bayi a bakin tekun Carolina ta Kudu da Georgia, har sun yi shuka, ya ba da umurni a mayar wa iyayengijinsu na dā. Jihohin Kudu suka kafa dokokin da za a kama baƙin mutum in ba shi da takardar aiki, bai hana ba. Majalisa ta yi dokar hakki cikin 1866, ya ƙi sa hannu, sai da suka tara kashi biyu cikin uku suka wuce ta kansa. Cikin 1868 suka gurfanad da shi don su tuɓe shi, dattawa 35 suka ce a tuɓe, 19 suka ce a'a. Ƙuri'a ɗaya ta rage, ya ƙarasa wa'adinsa. Jikokin mutanen nan da aka kora daga gonakinsu, yawancinsu ba su sami jefa ƙuri'a cikin kwanciyar rai ba sai da Johnson na biyu ya sa hannu a dokar 1965.

Nan za mu dakata, shugaba, domin mun ga la'asar ta yi, akwai kuwa masu komawa kwashe kaya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.