Dashen Itatuwa Iri-iri Da Lafiyar Ƙasar Noma

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, 'yan'uwa maza da mata da kuka taso daga birane, barkanku da zuwa gida.

An nemi in yi tsokaci kan filin dashen itatuwa da ƙungiyarmu ke shirin kafawa a bayan gari. Shawarata ita ce, kada mu cika filin nan da itace iri guda. Dalilin haka kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

A cikin ƙasar da ba ta wuce cikin cokali ba akwai miliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ganye ya zama taki. Wasunsu suna zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gawo da bagaruwa, irin waɗanda muke gani a saiwar wake da gyaɗa, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Wasu kuma dangin fumfuna ne, masu siraran zare da ke jawo wa itace ruwa da sinadarin fosfaros, shi kuma ya ciyar da su.

Waɗannan halittu, kamar mutane, ba sa wadata da abinci iri ɗaya. Shingayen darbejiya da turare da aka dasa a Arewa a shekarun 1980 sun tare iska, ba mu raina amfaninsu ba. Amma ganyen turare yana da mai, yana jinkirin ruɓewa, itacen kuma mashayin ruwa ne. Idan aka gauraya iri, wani ya zurfafa saiwa ya ɗauko abinci daga can ƙasa, wani ya bazu a sama, ganye kuma ya riƙa zuba a lokuta daban-daban. Gawo ma da damina yake kaɗe nasa, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Binciken da aka yi a Barazil da Kwango ya nuna cewa haɗa turare da dangin bagaruwa yana ƙara wa ƙasa naitirojin.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu gane wannan. Tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa renon tohon kututture a gonakinsu, har itatuwa suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, kafin a kashe gudummawar da kuka tara, a sa gawo da bagaruwa da ɗorawa da tsamiya a jerin sayayya. A hana ƙona ganyen da ya zuba, a kuma ware kuɗin mai gadi da na ban ruwa har dashen ya fi ƙarfin awaki. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.