Nasarawo: Nasara Ce Ko Nasāra?



Sunan unguwar nan da muke zaune a cikinta shi ne abin da nake so mu tattauna a kai yau, domin na sha jin matasa suna cewa wai Nasarawo na nufin mazaunin Turawa. Wannan fassara tana damuna, kuma ban yarda da ita ba.

Kalmomi biyu ne rubutun boko ya haɗe mana su. Ta farko nasara, wato cin galaba, daga Larabci nasr, taimakon da ke kai mutum ga rinjaye. Daga nan aka samo Nasiru da Mansur, da Ansar mutanen Madina, da birnin Mansura na ƙasar Masar. Bahaushe ya ɗora mata ɗafin -awa, irin na Kanawa da Katsinawa, ya ce Nasarawa, masu nasara. Akwai ta a Kano, akwai ta a Kaduna, ga kuma jihar Nasarawa da aka ƙirƙira rana ɗaya da tamu ta Gombe, 1 ga Oktoban 1996. A ƙasar Fulani kuwa sai ƙarshen sunan ya juya: Nasarawo a nan Gombe, Nasarawo a Jimeta, haka kuma a gefen Garwa ta Kamaru. Suna ne na fata da addu'a, ɗan'uwan Tudun Wada.

Ta biyun ita ce Nasāra, da jan wasali a tsakiya, sunan da Larabci ke kiran Kiristoci da shi. Masana da yawa sun danganta ta da Nazarat, garin Annabi Isa, alaihis salam, ko da yake wasu malaman tafsiri sun mayar da ita ga taimakon da Hawariyawa suka yi masa. Wannan kalma ta yi tafiya mai ban mamaki. Mosawan Barkina Faso suna kiran farar fata nasaara, Wolof na Senegal suna cewa nasaraan, can kudancin Indiya kuma, a Kerala, tsofaffin Kiristocin yankin Nasrani suke kiran kansu. Harshensu na Malayalam ba ya haɗa komai da Hausa ko Fulfulde. Fatauci da addini ne suka kai kalmar duk inda ta je.

A wurinmu ma'anarta ta karkata daga addini zuwa launin fata da mulki, kuma mu Gombawa mun fi kowa sanin dalili. A ƙasarmu, a Burmi kusa da Bajoga, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun Nasāra a watan Yulin 1903. Tun daga lokacin ake cewa zamanin Nasāra, aikin Nasāra. A Kano Turawa sun kafa mazauninsu a wajen Nasarawa, kuma ina kyautata zaton daga nan ruɗanin ya samo ƙarfi.

Roƙona ga malaman makarantun unguwar nan shi ne su furta wa yara kalmomin biyu da baki a cikin aji, domin kunne yana rarrabe su, allo ne ba ya iyawa.